In'inar Baffa da Taron Bakin Gulbi

Ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, mai in'ina ne. Duk wanda ya tashi a gidanmu na Haɗeja ya san haka. In zai aike ka, sai ka tsaya ka jira ya gama kokawa da kalmar, idonsa a runtse, jijiyar wuyansa a tashe, kai kuma ka sunkuyar da kai kamar ba ka gani ba, domin tun muna ƙanana aka hana mu ƙarasa masa magana. Amma mutumin nan shi ake zuwa ɗauka in za a je neman aure, ko za a sasanta manoma da makiyaya, ko an yi babban baƙo ana neman wanda zai yi masa maraba a gaban jama'a. Mutanen waje ba su san yana da in'ina ba. Na taɓa jin wani ɗan kasuwa a Kaugama yana cewa bai taɓa ganin mai santsin harshe irin Baffa ba. Na bar shi da maganarsa, don ko na gaya masa ba zai yarda ba.

Na tashi ina ganin wannan abu ban taɓa ɗaukarsa abin tambaya ba. Sai da na zama magidanci, ina sayen shinkafa a fadama ina kaiwa kasuwanni, sannan ya fara ɗaure mini kai. Lokacin gwiwar Baffa ta soma ba shi wahala, ni kuma ina da babur, sai ya zamana in taron ba mai nisa ba ne ni nake kai shi. Kakanninmu makiyaya ne, amma an daɗe da zama a gari. Baffa ne kaɗai cikin 'yan'uwansa ya yi kiwo sosai kafin ya dawo ya kama noma, shi ya sa makiyaya suke ɗaukarsa nasu, manoma ma haka.

Ranar da na fara lura, neman aure muka je wa ɗan maƙwabcinmu a Kafin Hausa. Da safe da zai gaya mini inda za mu, sunan garin ya tsaya masa a maƙogwaro. Ya yi ta fama da farkon kalmar har na ce na gane, ya kuwa harare ni. Muka isa, aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka gaggaisa, aka ba shi magana. Sai na ji ya ce mun taso daga Haɗeja mun zo garin gero da shinkafa, garin da baƙo ba ya barci da yunwa, wanda ya fito neman iri dole ya nufi inda aka san iri na gari. Dattawan gidan suka yi ta gyaɗa kai, wani har ya ce a maimaita masa. Ni kuwa ina gefe ina sauraro, tun da ya fara har ya rufe bai kira sunan garin ba.

Daga ranar na canza yadda nake sauraronsa. Kowa yana jin abin da yake faɗa, ni ina farautar abin da yake tsallakewa. Ban daɗe ba na gano inda matsalar take. Kalmomin da suka fara da ka, ko ki, ko ku, su ne suke kama shi. In harafin yana tsakiyar kalma, sai ya wuce sumul. In ya zo a farko, nan ne jaki yake turjewa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a ƙasarmu waɗannan su ne kalmomin da ake rayuwa da su: kogi, kifi, kwale-kwale, kiwo, kasuwa, kaka. Ta yaya mutum zai tsaya gaban masunta ya yi dogon jawabi bai ce kifi ba?

To, Baffa yana yi. A bakinsa kogi gulbi ne, kwale-kwale jirgi ne, kaka kuma lokacin da rumbu yake cika. Kiwo sai ya ce bin sawun shanu. Kifi kuwa ba ya haɗa su a kalma ɗaya, sai ya kira su da sunayensu, ya ce tarwaɗa da gargaza da ragon ruwa. Na ga wani tsohon masunci yana murmushi da jin haka, daga baya ya ce mini Baffanka ya san darajar sana'armu. Na koma gida ina juya abin a raina. Girmamawar gaskiya ce, don Baffa ya san kifin nan sarai. Sai dai na fara zargin cewa gudun kalma ɗaya ne ya sa ya koyi sunayen tun farko.

Babban abin da na gano ya zo ne a wani sulhu, da shanu suka shiga gonar wake. An tara mai gona da masu shanu a ƙofar gidan bulama, wato mai garin, kowa fuska a murtuke. Duk wanda ya yi magana kafin Baffa da "kun yi" yake farawa: kun saki dabbobi, kun nome burtali, kun raina mu. Da aka zo kan Baffa sai ya ce mun bar shanunmu sun ci waken ɗan'uwanmu, mun matse hanyar da dabbobinmu za su bi su sha ruwa, yanzu ga mu zaune a rana muna hararar juna. Na duba fuskokin mutane na ga sun saki. Babu wanda aka nuna da yatsa, saboda haka babu wanda ya tashi kare kansa. Sai a kan babur muna dawowa abin ya faɗo mini: "ku" ma da wannan harafin ta fara. Baffa ba ya iya cewa "ku" cikin sauƙi, shi ya sa yake cewa "mu". Na kusa sakin hanya don dariya.

Haka shirun da yake yi a tsakiyar magana. Yakan kawo zance ya tsaya cak, ya dubi mutum ɗaya a cikin taro, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ci gaba. Mutane suna cewa auna magana yake yi. Ni da nake kusa ina ganin leɓensa yana motsi kaɗan, na san ya hango kalmar da za ta kama shi a gaba, yana neman ta inda zai kewaye. Amma shirun yana aiki. Wanda aka kalla yakan gyara zama, na kusa da shi su daina hira, har masu tallan gyaɗa su tsaya.

Da na ga na gano sirrin, sai na ce bari in gwada. An kira taron 'yan shinkafa a kasuwarmu kan maganar matsar da rumfunanmu daga bakin hanya, na nemi a ba ni dama. Na miƙe a hankali, na ce mun taru, na tsaya, na zuba wa wani mai awo ido. Ya waiga bayansa ya ga ko wani nake kallo. Na ce mun ga abin da ya same mu, na sake tsayawa. Wani daga baya ya ce in yi sauri rana tana yi, wani ya tambaya ko ba ni da lafiya ne. Na ƙarasa a gurguje na zauna, ban ma faɗi abin da ya tashe ni ba. Da na ba Baffa labari ya yi dariya har da tari, sannan ya ce shi dole ce take tsayar da shi, ni mene ne ya tsayar da ni? 

Wadda ta ƙara buɗe mini ido ita ce Goggo, yayar Baffa, da take zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta. Na same ta tana gyaran zogale na tambaye ta ko haka yake tun yana yaro. Ta ce wanda nake gani yanzu ai sauƙi ne. Da yana ƙarami yara sun matsa masa da kwaikwayo har ya daina magana, sai dai ya nuna da hannu. Da mahaifinsu ya ga haka sai ya haɗa shi da garke ya tura shi fadama wajen dangi, can gefen Baturiya, inda ruwa da tsuntsaye suka fi mutane yawa. Wata rana ta je kai masa fura, tun daga nesa ta ji murya. Ta laɓe a bayan goruba, sai ga ƙaninta a tsaye a kan suri yana yi wa shanu jawabi. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar dattawa, sannan ya shiga shari'a tsakanin bijimai biyu da suka yi faɗa. In kalma ta kama shi sai ya tsaya ya nemo wata, su kuwa suna ta tuƙa abinsu.

"Shanu ba sa ƙarasa wa mutum magana," in ji Goggo, "ba sa kuma yi masa dariya. A wurinsu ya koya."

Na ce to me ya sa har yau yake yi a gida? Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce in mutum ya dawo gida ai tuɓe babbar riga yake yi. A gida wa zai yi wa ado?

Ana nan sai maganar kacalla ta taso. Kacalla doguwar ciyawa ce mai kama da rake da ta mamaye hanyoyin ruwa a yankinmu. Inda ta kafu, sai ta cunkushe rafi har jirgi ya kasa wucewa, ruwa ya rasa hanya ya fantsama cikin gonakin da ke sama, na ƙasa kuma su bushe. A cikinta tsuntsayen jan-baki suke kwana, su fito da safe su afka wa shinkafa. Akwai wani rafi da yake ballewa daga kogi ya ratsa ƙauyuka kafin ya kai wani gari na masu noman rani, 'yan tattasai da albasa. A shekarar nan ruwa bai kai musu ba, shukarsu ta ƙone a tsaye. Suka ce masunta ne suka datse rafin da jerin tarkunansu. Masunta suka ce manoman sama, wato na saman rafin, su ne suke fasa gaɓa suna jan ruwa. Manoman sama suka ce shanu ne suke rusa gaɓar. An kai ga jifa a wata mashaya, aka fasa wa wani kai. Bulamomin garuruwan suka yarda a zauna, aka aiko wa Baffa.

Kafin ranar na ga yana aikin da ban taɓa kula yana yi ba. Ya sa na kai shi wurin sarkin ruwa suka yi hira, ya leƙa rugar arɗo, ya tsaya a gonar wani dattijo na sama. Ba ya cewa komai a kan rigimar, tambaya kawai yake yi: wa zai zo, wa da wa ba sa ga maciji, wa aka fi jin maganarsa. Ni kuma abin da yake raina daban ne. Ina so in ga yadda zai yi taro guda a kan kacalla ba tare da ya kira sunanta ba.

Aka taru da hantsi a ƙarƙashin itatuwa a bakin rafin, ciyawar tana tsaye a bayanmu ta fi mutum tsawo. Mutane sun yi yawa, har mata masu suyar kifi sun ajiye kaskonsu sun matso. Bayan addu'a da gaisuwa aka ba Baffa magana. Ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya gai da bulamomi, ya gai da sarkin ruwa da arɗo, ya gai da iyayenmu mata. Sannan ya ce mun yi baƙuwa a ƙasar nan wadda ba mu gayyata ba, ta zo da sunan sarauta irin na mutanen Barno, ta hau mulki ta yi zamanta a tsakiyar ruwa. Aka yi dariya, don kowa ya san Kacalla sarauta ce a gabas. Na ce a raina, ga ta inda ya bi. Ya ci gaba da cewa mun zuba mata ido tana yaɗo, mun bar ta muna faɗa da juna, mun mai da 'yan'uwanmu abokan gaba.

Bai kai ƙarshe ba wani ya miƙe daga ɓangaren mutanen ƙasa, wato garin masu tattasai. Magidanci ne matashi, siriri, hularsa a hannu. Daga baya na ji cewa tattasansa gaba ɗaya ya ƙone, kuma ƙaninsa ne aka fasa wa kai. Dattawan garinsu suka yi ta jan rigarsa, ya fizge.

"Baba, ka gafarce ni," ya ce. "Tun ɗazu mu, mu, mu. Ni ban toshe ruwan kowa ba. Gonata ce ta mutu. In ka san abin da ya kashe ta, ka kira shi da sunansa, ka daina kewaye-kewaye."

 Na san abin da yake nufi, so yake a kira sunan masunta ko manoman sama, su ma sun sani, don na ga wasu sun fara gyara zaman sandunansu. Baffa ya daɗe yana kallonsa. Na zaci zai nemo wata hanyar ya bi kamar kullum. Sai na ga ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi, irin yadda nake gani a tsakar gida.

"Ka... ka... ka..."

Ban taɓa jin lokaci ya yi mini tsawo haka ba. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya aka buge masa baki. Sarkin ruwa ya kawar da kai. Bulaman da ya aiko a ɗauko shi ya buɗe baki yana kallo, don shi ma bai taɓa sani ba. Kalmar tana kan harshena, na san wasu ma ta zo musu, amma babu wanda ya furta. Gumi ya keto wa Baffa, bai fasa ba. Can ta fito da ƙarfi kamar an zare toshiya.

"Kacalla."

Ya numfasa, ya share fuska da hannun riga, ya nuna ciyawar da sanda ya ce, "Ga ta nan. Har a bakina ta tare hanya."

Dariyar da aka yi ta girgiza wurin, irin ta mutanen da suka daɗe da riƙe numfashi. Matashin bai yi dariya ba. Ya tsaya sororo, sannan ya zauna a hankali yana murza hularsa. Baffa ya jira aka lafa, ya ce yaron nan ya faɗi gaskiya, shi Baffa ya cika zagaye, yau zai bi ta miƙe, a yi haƙuri da shi in ya ɗau lokaci.

Abin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa a bakinsa ba. Ya juya ga masunta ya ce "ku", sai da ya yi fama kafin ta fito, ya gaya musu tarkunan da suke jerawa a matsatsin rafi suna tara laka, a lakar kuma ciyawar take kafuwa. Ya juya ga manoman sama ya sake kokawa da kalmar, ya ce fasa gaɓar da suke yi a ɓoye kowa ya sani. Ya gaya wa makiyaya, da Hausa ya kuma maimaita da Fulatanci, cewa mashaya ɗaya ta isa, ba sai an rusa gaɓa ko'ina ba. Sannan ya dubi mutanen ƙasa, ya dubi matashin nan, ya tuna musu cewa da aka kira gayyar yankan ciyawa a baya ba su zo ba, suka ce ba a ƙofarsu take ba. Kowace "ku" sai ya sha wuya a kanta, kuma na lura da wani abu: mutanen da za a faɗa wa laifinsu su ne suke miƙo wuya suna jira, kamar suna taya shi turo ta. Kafin kalmar ta fito sun riga sun karɓe ta. Babu wanda ya katse shi.

Aka tashi da shawarar gayya. Sarkin ruwa ya ce zai ba da jirage a kuma ɗage tarkuna har a gama, arɗo ya yi alkawarin samari, mata suka ɗauki girki. Na je aikin da laujena. Ana shiga ruwa har ƙirji a yanke ciyawar daga can ƙasa yadda ruwa zai shanye kututturen ya ruɓe, wasu kuma suna janyowa gaɓa. Matsattsaku suka sha jininmu, ganyen ya yayyanka mana hannu. Ba kowa ya cika alkawari ba, wani ƙauye mutum kaɗan suka turo, aka yi ta gunaguni. Duk da haka rafin ya buɗe, ruwa ya gangara ya kai garin masu tattasai kafin lokacin shuka ya wuce.

Amma in koma ranar taron. Da muka kamo hanyar gida, sai da muka yi nisa Baffa ya taɓa kafaɗata ya ce mu tsaya. Muka zauna a gindin tsamiya, wata mai nono ta dama mana fura.  Na daure na tambaye shi abin da yake cina: da gangan ya yi? Don ni a raina na fara tunanin ko wata dabarar ce.

Ya dube ni da mamaki ya ce wa zai yi wa kansa haka da gangan? Tun kafin a haife ni yake ɓoye abin nan, yau ya tsaya tsirara a gaban garuruwa. Ya ce kuskurensa ɗaya ne. Duk taron da zai je yakan nemi wanda abin ya fi yi wa ciwo, ya yi magana kamar da shi kaɗai yake, sauran su ji a gefe. Wannan karon ya zagaya wurin manya ya manta bai je garin da shuka ta ƙone ba.

"Na shirya wa masu rawani," ya ce. "Ban shirya wa mai gona ba. Da ya tashi na ga idonsa, na san in na sake zagayawa ya tafi da ni a matsayin maƙaryaci."

Na ce to ai ga shi abin ya yi kyau. Ya ce bai sani ba tukuna, ya shanye furarsa muka tafi.

Labarin ya bazu, kamar yadda ake tsammani. A kasuwa na ji samari suna kwaikwayonsa, na ji kuma masunta suna maimaita maganar tare hanya suna dariya ta jin daɗi. Wani gida da suka riga suka roƙe shi ya je musu neman aure sai suka aiko cewa sun sami wani, ya ce ba komai, amma na ga ya yi kwanaki ba ya fita zaure. Wasu kuma suka ci gaba da zuwa. Abin da na lura shi ne ya rage tsantseni. Yanzu a taro yakan ce kogi, ya ɗan tsaya a kanta, ya wuce. Goggo ta ce lalaci ne na tsufa. Ni ban tabbata ba. Har yanzu yana cewa "mu" a mafi yawan lokuta, kuma na kasa rabe inda dole take sa shi da inda shi ya zaɓa. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce shi ma ya daina sani.

Da tattasai ya nuna, sai ga matashin nan a ƙofar gidanmu da kwando a bayan keke. Ya durƙusa a zaure ya kasa ɗaga kai, ya ce bai san da larurar ba, da ya sani da bai yi abin da ya yi ba. Baffa ya ce da bai yi ba da har yanzu ana jifa a mashaya. Ya sa aka kawo masa ruwa, suka shiga hirar gona, suka daɗe. Daga nan ya riƙa biyowa duk ranar da ya shigo Haɗeja sayar da kaya.

Kacalla ba ta mutuwa gaba ɗaya. Bayan damina biyu ta sake tasowa, aka sake kiran taro a inda aka yi na farko. Baffa ya ce in kai shi, amma ya aika wa bulamomi cewa shi sauraro zai yi, mai tattasai ne zai yi magana. Muka zauna a kan tabarma a gefe. Mutumin ya miƙe, wannan karon hularsa a kansa. Maganarsa da sauri take fita kamar ruwan da aka buɗe wa hanya, babu karin magana, babu tsayawa. Ya faɗi yadda gonarsa ta ƙone a waccan shekara, da yadda ya ji ranar da ya ga ruwa ya iso, ya ce mutanen garinsu za su fara shiga ruwa wannan karon tunda su suka yi latti a baya. Aka amsa masa da kyau, aka sa rana.

Na duƙa na tambayi Baffa yadda ya gani. Ya ce yaron yana da gaskiya a bakinsa, kuma mutane sun ji ta, sai dai ya manta bai gai da mata ba, ga shi su za su dafa abincin gayya. Ya sa na kira shi. Mutumin ya zo ya tsuguna, Baffa ya raɗa masa a kunne. Ya zabura ya nufi wajen masu suyar kifi da sauri yana cire hula, muna jiyo su suna yi masa tsiya, wata tana cewa sai yanzu ya gan su. Baffa ya miƙo mini hannu na tashe shi, muka nufi inda na ajiye babur.